Jirgin ƙarƙashin teku mai ɗauke da makaman nukiliya: yaya aka ƙera shi, kuma don me?

Malamin Kimiyya, Ringim

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare ta karkara a ƙasar Ringim, kuma ɗalibaina sun kawo mini wata tambaya da nake son in gabatar da ita ga masana kafin in amsa musu, domin ba na son in ba yara amsar da ba ta da tushe. Sun ji a rediyo ana maganar jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku da manyan ƙasashe suka mallaka, waɗanda aka ce suna yin watanni a cikin ruwa ba tare da sun leƙo sama ba, suna kuma ɗauke da makamai masu linzami masu kawunan nukiliya da za su iya isa wata nahiya.

Mun koya musu cewa wuta ba ta ci sai da iska, kuma kowane inji da suka sani, daga na babur har na ban-ruwa, sai ya shaƙi iska yake aiki. To wane irin inji ne yake tafiya wata biyu ko uku a inda babu iska, kuma mutanen da ke ciki me suke shaƙa? Sannan ta yaya makamin da yake tashi da wuta zai fito daga ƙarƙashin ruwa wutar ba ta mutu ba, jirgin kuma bai ƙone ba? Akwai kuma wadda ni kaina na fi so in ji amsarta: ƙasar da take da filin ajiye makami a kan tudu, take kuma da jiragen sama, me ya kai ta ga wahalar ɓoye shi a cikin teku? Ina roƙon wanda ya san tarihin abin da yadda aka tsara ƙirarsa ya yi mana bayani dalla-dalla, ko da zai yi tsawo. Allah ya saka da alheri.

Injiniya, Dambatta

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa ɗaliban nan naka basira, domin tambayarsu ta farko ita ce ainihin matsalar da ta hana maƙera jiragen ƙarƙashin teku sakat har kusan rabin ƙarni. Jiragen da Jamus da sauran ƙasashe suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da su, injin dizal gare su da batura. A saman ruwa dizal ke aiki yana cajin batura, idan an nutse kuma sai a kashe shi a koma kan batura, waɗanda da wuya su wuce kwana ɗaya ko biyu ko da ana tafiya a hankali. Dole ne jirgin ya riƙa tasowa, ko ya miƙo bututun shaƙar iska sama, kuma a daidai wannan lokacin ne jiragen sama suke gano shi su hallaka shi.

Tukunyar nukiliya ce ta kawar da wannan rauni, saboda ita ba ƙona wani abu take yi ba. A cikinta akwai yuraniyom, ƙwayoyin zarrarsa suna tsagewa, kowace tsagewa tana fitar da zafi tana kuma jawo tsagewar wasu, ana kuma daidaita ƙarfin abin da wasu sanduna da ake zurawa ko a zare. Ruwa yana zagaya tukunyar a cikin rufaffun bututai, an matse shi matsi mai tsanani yadda ba zai tafasa ba ko da zafinsa ya haura digiri 250. Wannan ruwan ba ya barin da'irarsa, zafinsa kawai yake miƙa wa wani ruwan dabam ta jikin ƙarfe, shi kuma na biyun ya zama tururi, tururin ya juya injin da ke tuƙa farfela da janareto, sannan a sanyaya shi da ruwan teku ya koma ruwa, a sake mayar da shi. Babu inda ake buƙatar iska a duk wannan zagaye. Wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Hyman Rickover ne ya tsaya tsayin daka har aka ƙera jirgi na farko mai irin wannan inji, wato Nautilus, wanda aka sa a ruwa a 1954, ya fara tafiya da makamashin nukiliya a watan Janairun 1955. Ya yi tafiyar fiye da kilomita 100,000 kafin a sauya masa yuraniyom na farko, kuma a 1958 ya ratsa ta ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya. Domin ɗalibai su fahimci girman abin, za ka iya gaya musu cewa tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, alhali babban jirgin Sobiyet da ake kira Typhoon tukwane biyu gare shi, kowace tana ba da zafin kilowat 190,000.

Da zarar lantarki ya wadata, sauran buƙatu sai su zo da sauƙi. Ana tace ruwan teku a cire gishirinsa a samu na sha da na wanka. Daga wannan ruwan ne kuma ake samun iskar shaƙa, ta hanyar da kuke koyarwa a aji, wato a ratsa lantarki cikin ruwa ya rabu zuwa oksijin da haidurojin, a saki oksijin a cikin jirgi, a fitar da haidurojin waje. Gurɓatacciyar iskar da mutane ke fitarwa kuwa, akwai na'urar da ke tsotse ta da wani sinadari. Abin da ke dawo da jirgin gida shi ne abinci da juriyar mutane. Jiragen Amurka sukan yi sintirin kwana 70 da ɗoriya, na Birtaniya kuwa a shekarun nan wasu sun haura wata shida.

Nutsewa da tasowa ba su da wuyar bayani ga yaron da ya taɓa ganin masunta a kogin Haɗeja. Goran masunci yana ɗauke da mutum a kan ruwa ne saboda iskar da ke cikinsa, idan ruwa ya cika shi kuwa sai ya nutse. Haka jirgin yake da tankuna a wajen ainihin gangar jikinsa, a buɗe su ruwa ya shiga ya nutse, a hura musu matsattsiyar iska ruwan ya fita ya taso. Ita gangar ta ciki, inda mutane da injuna suke, ana yin ta da ƙarfe mai kauri, kuma a kewaye take, domin kowace mita 10 da aka ƙara nutsewa, nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu baki ɗaya, kuma kewayayyen abu ne ya fi jure irin wannan matsi daga kowane ɓangare.

Haɗa wannan jirgi da makami mai linzami shi ne mataki na gaba, kuma abu biyu ne suka sa ya yiwu: an samu damar rage girman kan nukiliya, sannan aka ƙera roka mai daskararren mai, wadda za a iya ajiyewa shekaru a cikin bututu ba tare da fargabar yoyo ba. Sunan makamin Polaris. Gaggawar da Amurka take ciki ta kai ga ba ta jira an zana sabon jirgi ba. Wani jirgin farauta da aka riga aka fara ƙerawa a garin Groton na Amurka aka raba biyu, aka saka masa sabon sashe mai tsawon kusan mita 40 a tsakiya, mai bututai 16 jere biyu, aka raɗa masa suna George Washington. Ranar 20 ga Yulin 1960 ya harba Polaris yana nutse, a watan Nuwamban shekarar kuma ya fita sintirinsa na farko, ya yi kwana 66 a ƙarƙashin ruwa. Kafin ƙarshen 1967 Amurka ta mallaki irinsa 41. Wannan tsari na jera bututai a bayan hasumiyar jirgi shi ne kusan kowa ya bi daga baya.

Tsohon Malamin Tarihi, Birnin Kudu

Salamu alaikum. Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni tambayarka ta ƙarshe zan taɓa, Malam, domin a ganina wanda bai fahimce ta ba zai ɗauka ƙirar jirgin gwaninta ce kawai, alhali kowane ƙarfe da ke jikinsa tsoro ne ya sa aka ɗora shi.

Amurka ta yi amfani da bam ɗin nukiliya a Japan a 1945, Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a 1949, a 1957 kuma ta harba tauraron ɗan'adam na farko, abin da ya nuna wa duniya cewa tana da rokar da za ta iya kai bam wata nahiya. Daga nan kowane ɓangare ya shiga lissafi guda: idan abokin gaba ya riga ni harbawa, me zai rage mini? Filin jirgin sama ba ya ɓuya. Ramin da aka ajiye makami a kan tudu ma ba ya motsi, kuma taurarin leƙen asiri sun san inda kowanne yake. Ƙasar da duk makamanta suke a wuraren da aka sani tana cikin fargabar a shafe su cikin rabin sa'a, wannan fargaba kuwa tana iya tunzura ta ta riga harbawa a kan jita-jita kawai. Jirgin da ke yawo a cikin teku ba wanda ya san inda yake shi ne amsar wannan lissafi. Ko an rushe babban birni da dukan sansanoni, shi yana nan, kuma zai rama. Wanda ya san haka ba zai fara ba, domin kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Shi ya sa aikin jirgin ba neman faɗa ba ne. Idan ya ji motsin wani jirgi, kaucewa yake yi, kuma nasarar kwamandansa ita ce ya fita ya dawo ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

Ya kamata a ba Sobiyet haƙƙinta a tarihi, domin ita ce ta fara harba irin wannan makami daga jirgin ƙarƙashin teku, a 1955, sai dai jirgin na dizal ne kuma sai da ya taso saman ruwa. Jirginta na farko mai tukunyar nukiliya da makamai masu linzami, K-19, ya fara aiki a 1960 da makamai uku kacal, shi ma sai ya taso yake harbawa. Sai a 1967 ta samu jirgi mai bututai 16 irin na Amurka.

Abin da na fi so ɗalibai su lura da shi shi ne yadda nisan zangon makami yake sauya komai. Polaris na farko kimanin kilomita 2,200 yake ci, saboda haka dole jiragen Amurka su matso kusa da Sobiyet, abin da ya sa aka buɗe musu sansani a Holy Loch da ke Sukotlan a 1961. Su ma jiragen Sobiyet dole su ratsa mashigin da ke tsakanin Girinlan da Aislan da Birtaniya kafin su kusanci gaɓar Amurka, a can kuwa Amurka ta shimfiɗa na'urorin saurare a ƙasan teku, tana jin wucewarsu tana sa jiragen farauta su bi sawunsu. Da Sobiyet ta samu makami mai cin kusan kilomita 8,000 a farkon shekarun 1970, sai jiragenta suka daina wannan tafiya mai haɗari, suka zauna a tekun Barents kusa da gida, inda sojan ruwansu da na samansu ke tsaron su.

Daga wannan tunani aka haifi Typhoon da Injiniya ya ambata, wanda har yau ba a ƙera jirgin ƙarƙashin teku mai nauyinsa ba. Tsawonsa mita 175, faɗinsa mita 23, nauyinsa a nutse tan 48,000. Makaminsa ne ya jawo wannan girma, domin kowane ɗaya daga cikin 20 ɗin da yake ɗauka ya haura tan 80, ba kuma zai shiga cikin ganga ɗaya ba. Sai mai zanen, Sergei Kovalev, ya jera manyan ganguna biyu gefe da gefe, ya sa bututan makamai a tsakaninsu, gaban hasumiya, ya kuma ƙarfafa saman jirgin yadda zai iya fasa ƙanƙara ya ɓullo. Shida aka ƙera a Severodvinsk da ke arewacin Rasha, na farko ya fara aiki a 1981, na ƙarshe da ya rage a bakin aiki aka yi masa ritaya a 2023. A wannan shekara ta 1981 ne Amurka ma ta fito da Ohio, mai tsawon mita 170, nauyin tan 18,750 da bututai 24. Bai kai rabin nauyin Typhoon ba, amma ya fi shi yawan makamai, kuma shi ne ya daɗe, domin 14 daga cikin 18 da aka ƙera suna kan wannan aiki har yanzu.

Birtaniya ta sayi Polaris daga Amurka bisa yarjejeniyar 1963, ta ƙera jiragenta da kanta, kuma tun daga watan Afrilun 1969 ba a taɓa samun ranar da ba ta da jirgi ɗaya a sintiri ba. Faransa a zamanin Janar de Gaulle ta ƙi dogara da kowa, ta ƙera jirgi da tukunya da makami duk da hannunta, jirginta na farko, Le Redoutable, ya fara aiki a 1971. Sin ta sa nata na farko a ruwa a 1981, Indiya kuma ta shigo sahu da Arihant a 2016. Ƙasashe shida ke nan, har da Rasha da ta gaji Sobiyet. Birtaniya da Faransa jirage huɗu-huɗu gare su, kuma adadin ba kwatsam aka zaɓe shi ba: ɗaya yana sintiri, ɗaya yana shirin karɓarsa, sauran suna gyara ko horo. Don kada jirgi mai tsada haka ya zauna jiran mutane su huta, akan ba shi ayarin ma'aikata biyu masu karɓa-karɓa, a Amurka ana kiran su Shuɗi da Zinare, kowane ayari mutum kimanin 155.

Malamin Kimiyya, Ringim

Na gode ƙwarai, Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Injiniya, na gode, sai dai tambayar harbawa tana nan tana jiranka. Bayanin Baba Malam kuma ya haifar mini da wasu biyu. Jirgin da ba ya son a san inda yake, shi kansa ta yaya yake sanin inda yake, tunda wanda bai san inda ya tsaya ba ba zai iya saita abin da ke nesa ba? Kuma ta wace hanya umarni yake isa gare shi, alhali mun san ko rediyo ba ya kamawa a ƙarƙashin ruwa?

Injiniya, Dambatta

Gaskiyarka, Malam. Amsar a taƙaice ita ce ba a kunna rokar a cikin jirgi, ba a kuma kunna ta a cikin ruwa, a tsarin Amurka da Birtaniya. Mu ɗauki Trident na biyu, wanda ƙasashen biyu suke amfani da shi, ya kuma fara aiki a 1990. Tsawonsa ya ɗan haura mita 13, kaurinsa mita 2, nauyinsa tan 59. Idan za a harba, jirgin yakan taso zuwa zurfin da bai wuce 'yan gomomin mitoci ba, ya rage gudu har ya kusa tsayawa. Ana ƙara matsin iska a cikin bututun har ya yi daidai da na ruwan da ke waje, sannan a buɗe babban murfin ƙarfe, sai wani siririn rufi ya rage tsakanin makamin da teku. A gindin bututun akwai wata ƙaramar na'ura da ke watsa wuta mai tsananin zafi cikin tankin ruwa, ruwan ya rikiɗe tururi nan take, tururin ya ingiza makamin da ƙarfin da zai fasa rufin, ya keta ruwan, ya yi tsalle sama da teku. Sai na'urorinsa sun ji ya fita ya fara rasa gudu sannan injin farko yake kamawa. Shi kuma bututun da aka bari, ruwan teku ne yake cika shi, wannan ruwa kuwa yana maye gurbin nauyin da ya fita, don kada jirgin ya yi sama ba shiri.

Rokar hawa uku ce, kowane hawa yana cin mansa ya rabu ya faɗi, duka cikin 'yan mintoci kaɗan. Daga nan makamin ya fita sararin samaniya, babu sauran babban inji, tafiyar abin da aka jefa kawai yake yi, sai wani ƙaramin sashe da ke sakin kawunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan hanyar wurin da aka nufa da shi. Zangonsa ya haura kilomita 7,000 ko da an yi masa cikakken lodi, tafiyar kuma ba ta wuce kimanin rabin sa'a. Za ka lura cewa tsawon makamin ya yi kusan daidai da faɗin gangar Ohio, wato kimanin mita 13. Makami ake fara aunawa, sannan a zana jirgi a kewayensa, kuma inda makamin ya fi ganga tsawo, kamar a jiragen Sobiyet da ake kira Delta, sai ka ga ƙaton doro a bayan jirgin.

Sanin wuri kuwa, jirgin yana da na'urar da ba ta buƙatar komai daga waje. An gaya mata inda aka tashi, ita kuma tana auna kowace juyawa da kowane ƙarin gudu ko raguwarsa, tana lissafa inda aka kai. Kuskurenta yana taruwa a hankali, don haka lokaci-lokaci ake gyara ta. Saboda wannan gyara ne sojan ruwan Amurka suka kafa taurarin Transit, waɗanda suka fara aiki a 1964, su ne kuma tsarin farko na gano wuri da tauraron ɗan'adam, kafin GPS da ke cikin wayoyinmu. Shi ma makamin, idan ya fita sama, yakan dubi wani tauraro na ainihi ya gyara saitinsa.

Game da saƙo, mu da muka saba da gajeren zango da matsakaicin zango a rediyo za mu gane abin da sauƙi. Irin waɗannan ba sa shiga ruwan gishiri, amma zango mai tsawon gaske yana ratsa 'yan mitoci, saboda haka jirgin yana jan doguwar waya ko wata na'ura mai yawo kusa da saman ruwa, yana saurare dare da rana. Manyan tashoshi a kan tudu ne ke aikawa, Amurka kuma tana da jiragen sama na musamman masu sakin eriya mai tsawon kilomitoci, ko da an rushe tashoshin. Jirgin yana karɓa ne, ba ya amsawa, domin amsawa tona asiri ce. Ko saƙon iyali gajere ne yake zuwa wa ma'aikatan Birtaniya, ba su da damar mayarwa. Idan umarnin harbi ya zo, hafsoshi fiye da ɗaya ne suke tantance shi da lambobin da ke kulle a cikin akwatin ƙarfe, kuma mutum ɗaya ba zai iya harbawa shi kaɗai ba.

Ragowar ƙirar duk yaƙi da ƙara ne, domin a cikin teku ido ba ya aiki, kunne ne kawai, sauti kuwa yana tafiya mai nisa a ruwa. Ana ɗora injuna a kan dandamali mai matashin roba don kada girgizarsu ta isa gangar jirgi, ana lulluɓe jikin wasu jiragen da fale-falen roba masu shanye sauti, ana kuma tsara farfela yadda ba za ta tayar da kumfa ba. Tukunyar Ohio ma an yi ta yadda a ƙaramin gudu ruwan zai zagaya da kansa, mai zafi ya hau mai sanyi ya sauka, ba sai an kunna famfo ba. Abin ya kai ga a watan Fabrairun 2009 jirgin Birtaniya Vanguard da na Faransa Le Triomphant suka yi karo a tsakiyar tekun Atilantika, kowanne ɗauke da makamansa, ba wanda ya ji zuwan ɗan'uwansa.

Malama Ma'aikaciyar Jinya, Gumel

Assalamu alaikum. Ina biye da bayanan nan tun farko, na kuma ƙaru ƙwarai, amma Malam, ina roƙon idan za ka kai wa yara wannan darasi kada ka tsaya a kan gwanintar ƙira, domin zuciyar yaro tana saurin sha'awar babban inji ta manta abin da aka yi shi domin shi. Bam ɗin da ya rushe Hiroshima ƙarami ne idan aka gwada shi da waɗannan. Daga cikin kawunan da Trident ke ɗauka, wanda ya fi yawa ya ninka shi kusan sau 6, babban kuma kusan sau 30, makami ɗaya yana ɗaukar kawuna da yawa, jirgi ɗaya kuma yana ɗaukar makamai 16 ko 20. Babu asibitin da zai iya karɓar waɗanda za su ƙone a birni ɗaya, balle birane da dama a rana guda.

Ko ba a yi yaƙi ba, jiragen sun ci rayuka. K-19 da Baba Malam ya ambata, a ranar 4 ga Yulin 1961 ruwan sanyaya tukunyarsa ya tsiyaye a tsakiyar teku, ma'aikata suka shiga ɗakin tukunyar suka haɗa bututu da hannunsu, takwas daga cikinsu suka rasu cikin makonni kaɗan saboda tururin guba na nukiliya, wasu kuma daga baya. A watan Oktoban 1986 ruwan teku ya shiga bututun makami a jirgin K-219, ya haɗu da man rokar mai ruwa-ruwa, abin ya fashe. Wani matashin soja ɗan shekara 20, Sergei Preminin, ya shiga ya kashe tukunyar da hannu, bai fito da rai ba, jirgin kuma ya nutse da makamansa a gabashin tsibirin Bamuda, cikin tekun Atilantika, yana can har yau. Kuɗin da ake zubawa ma abin dubawa ne: Birtaniya ta ƙiyasta fam biliyan 31 domin sababbin jirage huɗu, Amurka kuma fiye da dala biliyan 100 domin guda 12.

Ina son yara su san cewa mu ma muna da matsayi a wannan magana. Lokacin da Faransa ta fara gwajin bam ɗinta a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a watan Fabrairun 1960, iskar da ke kaɗowa daga can ita ce hunturunmu, kuma a watan Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a kan waɗannan gwaje-gwaje. Ƙasashen Afirka sun sa hannu a yarjejeniyar Pelindaba a 1996, wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyar, Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar haramta su a duniya baki ɗaya a 2020. Baba Malam, ka gafarce ni, amma zaman lafiyar da ya dogara da cewa ba wanda zai yi kuskure har abada bai kwanta mini a rai ba.

Tsohon Malamin Tarihi, Birnin Kudu

Babu laifi, Malama, ni ma bayanin lissafinsu na yi, ban ce ya kwanta mini ba. Abin da zan ƙara shi ne, a cikin makaman nan duka, na cikin teku ne ya fi rage gaggawar harbi, tunda mai shi ya san ba za a iya raba shi da shi ba, don haka yana da lokacin tabbatar da labari. Amma shi ne kuma ya ɗora nauyi mafi girma a kan mutane kaɗan da ke nesa da kowa. A Birtaniya kowane sabon Firayim Minista yakan rubuta wasiƙa da hannunsa zuwa ga kwamandojin jiragen huɗu, yana faɗin abin da za su yi idan an hallaka gwamnati baki ɗaya, a kulle ta a cikin jirgi, idan ya sauka daga mulki kuma a lalata ta ba tare da an buɗe ba.

Yarjejeniyoyi sun taɓa rage adadin. Bayan Yaƙin Cacar Baka an cire makaman nukiliya daga jiragen Ohio huɗu aka mayar da su wani aikin, yarjejeniyar da Amurka da Rasha suka sa wa hannu a 2010 kuma ta sa aka toshe bututai huɗu a kowane jirgi da ya rage, suka koma 20, sai dai Rasha ta dakatar da aiki da ita a 2023. Ita Pelindaba ba ta da iko a kan tsakiyar teku, kuma ta bar wa kowace ƙasa ta yanke hukunci a kan jiragen waje da ke son shiga tasharta. A halin yanzu Rasha tana ƙara jiragen Borei, waɗanda na farkonsu ya fara aiki a 2013, Birtaniya tana ƙera Dreadnought mai bututai 12, Amurka kuma tana ƙera Columbia mai bututai 16, da tukunyar da ba za a sauya mata yuraniyom ba tsawon shekara 42 da aka tsara jirgin zai yi, kuma ana sa ran na ƙarshensu zai ci gaba da sintiri har cikin shekarun 2080.